Gyaran bayan a-kori-kura domin sanya faffaɗar taya

Faffaɗar taya tana ƙara wa mota riƙon ƙasa, shi ya sa masu tseren motoci a Amurka da direbobin da ke ratsa yashi suke sonta. Matsalar ita ce kamfani ya auna kwarmin da taya ke zama ne daidai da wadda ya sanya. A yawancin motocin a-kori-kura, irin su Toyota Hilux, sifirin mai falle-falle ne ke ɗauke da baya, kuma yana zaune dab da taya. Da an ƙara faɗi, sai gefen tayar na ciki ya riƙa gogar sifirin ko shasi, na waje kuma ya riƙa cin bodi, musamman idan an yi lodi ko an shiga gargada.

Awo ake fara yi. Taya mai lamba 265/65 R17 faɗinta milimita 265 ne, mai lamba 315 kuwa ta fi ta da santimita 5. Ana ɗaga motar, a matse ɓangare ɗaya a saki ɗayan, a tabbatar akwai sarari kamar santimita 2.5 a kowane gefe. Sau da yawa sauya wili da wanda ke tura taya waje kaɗan ya wadatar. Faifan da ake cusawa tsakanin wili da aksil ma yana yin hakan, sai dai idan ya yi kauri yana saurin kashe boris.

Idan hakan bai isa ba, ana matsar da sifirin ciki, ƙarƙashin ƙarfen shasi, tare da mazauninsa na kan aksil, sannan a faɗaɗa kwarmin bodin. Wannan gyara yana da farashinsa: gwargwadon yadda sifirin biyu suka kusanci juna, haka mota ke ƙara karkata a kwana, don haka sai an haɗa da sandar hana karkata. Wajen walda sabon mazauni, dole kusurwar da farfela ke shiga aksil ta tsaya yadda take, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa a guje.

Yanka shasi shi ne mataki na ƙarshe. Ana yanke ƙarafan baya biyu, a tsuke tsakaninsu, a gajarta aksil, wani lokaci a maye gurbin sifirin da sanduna huɗu masu riƙe aksil. Ba aikin mai waldar ƙofa da taga ba ne. Ana yankan ne a karkace, a lulluɓe mahaɗar da ƙarin farantin ƙarfe, bayan an sauke tankin mai an janye bututun birki. Motar tsere ce ke cin moriyar irin wannan aiki. Wadda ke jigilar buhunan hatsi gara a bar mata shasinta yadda kamfani ya ƙera shi.