Ƙaramin malami ma yana iya kiran taron ilimi

Da zarar an ce kuɗin halartar taro na TETFund sun fito, sai ka ga ƙananan malamai suna rige-rigen cike fom. Ba laifi ba ne. Amma a shekarun da na yi ina koyar da ilimin halittu, ina kuma duba wa abokan aiki takardun neman tallafi, da wuya ka ga wanda ya zo ya ce shi ne yake son ya kira taron da kansa. Mun bar wa farfesoshi wannan. To Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013 aka kafa ta, ta Tarayya da ke Dutse kuma a 2011, kuma matasa ne ƙashin bayan koyarwa a cikinsu. In sai mun jira manya, za mu daɗe muna zuwa taron wasu muna tafa musu.

Kuɗin shirya taro akwai su, sai dai galibi a waje suke. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana tallafa wa tarukan kimiyyar lissafi da fiziks da ake yi a ƙasashe masu tasowa. CIMPA ta Faransa tana ɗaukar nauyin makarantun bincike na lissafi, amma ita kusan shekara biyu kafin lokaci ake miƙa mata buƙata. Mu 'yan ilimin halittu muna da The Company of Biologists ta Kambirij a Ingila, masu binciken ƙwaƙwalwa kuma suna da IBRO. Sharuɗɗa da ranakun rufewa kan sauya, saboda haka a shafin kowacce za a duba, kada a dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

Abin da ya fi kayar da mu shi ne taken taron. Mutum zai rubuta "Kimiyya da fasaha domin ci gaban ƙasa", taken da aka yi wa taro ɗari a Nijeriya, ya zauna yana jiran amsa. Alhali ga kachalla nan a bayan gidanmu. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke sauka a kogin Hadeja, wannan ciyawa ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai yi wa shinkafa ɓarna. Ga dausayin Baturiya da ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai. Ga ambaliyar 2022 da ta ɗaiɗaita garuruwa da dama a Jigawa. Taron kwana biyu na mutum talatin a kan kachalla kaɗai, da masanin tsirrai, da masanin ruwa, da sarkin ruwa daga ƙauyen da abin ya shafa, ba wanda zai iya shirya shi a Landan. Wannan ita ce hujjar da mai bayar da kuɗi yake son ya gani.

Sai kasafi. An taɓa kawo mini wani na duba, na tarar kusan rabinsa ya tafi a jakunkuna, da riguna, da kyautar babban baƙo, da abin da aka kira "na manema labarai". Masu tallafi kuɗin mota suke son biya, da masauki, da abinci, musamman na ɗalibai da mata masu gabatar da maƙala. A rubuta man janareto da kuɗin data ba tare da kunya ba, domin gaskiyar wurinmu ke nan. In wasu baƙin a Hadeja ko Dutse za su kwana, a sa kuɗin jigilarsu. Bikin buɗewa kuwa, wanda kan ci mana safiya guda a jawabai da gabatar da manyan baƙi, minti ashirin ya ishe shi.

Yawancin tallafin ba ya ɗaukar komai da komai. Zaure da motar jami'a ma gudummawa ce, a ƙiyasta kuɗinsu a rubuta, a haɗa da wasiƙar amincewar shugabanni. Sau da yawa ta asusun jami'a kuɗin ke shigowa, don haka a san da ofishin kuɗi tun farko, a kuma bar sarari saboda hawa da saukar canji. Bayan taro a adana kowane rasit, a aika rahoto a kan lokaci, domin wanda bai yi ba ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Kai da ka gama digirin digirgir kwanan nan, ko ke da kike kan yi, ku samu abokan aiki biyu, ku rubuta shafi ɗaya: tambayar da taron zai amsa, mutanen da za a gayyata, da abin da zai ci. Ku kai wa shugaban sashe kafin wannan zangon karatu ya ƙare.