Darasi: Fitilar Inji Mai Kamawa Tana Mutuwa, Da Motar Da Ke Rasa Ƙarfi

'Yan'uwa manoma, ƙungiyar gama kai da ta haɗa kuɗi ta sayi mota ba safai take sayen sabuwa ba. Tokunbo ce, ko kuwa wadda ta riga ta wuce hannu biyu ko uku. Ita ce ke ɗauko mana taki, ita ke kai gero da riɗi da gyaɗa kasuwar Shuwarin ko Gujungu, ita ce kuma ake tasa da dare idan za a kai mara lafiya asibiti a Dutse. Kukan da direbobin irin waɗannan motoci suka fi kawowa shi ne wannan: ana cikin tafiya sai wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a gaban direba. Mota ta yi nauyi, a taka totur ta ƙi ja. A tsaya a kashe ta, a sāke tayarwa, sai ta tafi lafiya kamar ba abin da ya faru. Bayan kwana uku ko mako guda abin ya dawo. Direbobi suna cewa mota "ta kawo cek".

Abin da muke so mu koya a wannan darasi shi ne, mutuwar fitilar ba warkewa ba ce, kuma akwai hanyar gano ciwon ba tare da an zubar da kuɗin ƙungiya a kan kayan gyaran da ba a bukata ba.

Abin da ke faruwa a cikin motar

Dattawanmu sun san Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Ita kafireto gare ta. Bakanike yakan kasa kunne ya ji kukan inji, ya murɗa wani noti, magana ta ƙare. Motocin da suka biyo baya ba haka suke ba. Suna da wani ƙaramin akwati da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, watau kwamfuta ce. Ita ke auna yawan man da za a fesa wa inji da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Amma ba ta da ido. Tana dogara ne ga 'yan saƙo da ake kira sensa, waɗanda aka dasa a wurare dabam dabam: ɗaya yana auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan lagireto, ɗaya juyawar inji, ɗaya hayaƙin da ke fita ta salansa. Kowannensu yana aiko da labarinsa ta waya.

In labarin wani ya ɓace, ko ya zo da abin da hankali ba zai ɗauka ba, ƙwaƙwalwa takan kunna fitila. In kuwa ta ga abin zai iya lalata inji ko giya, sai ta rage ƙarfin motar da gangan. Sau da yawa inji ba zai wuce juyi 2,500 ko 3,000 a minti ba, mota mai giyar otomatik kuma takan maƙale a giya ta biyu ko ta uku. Turawa suna kwatanta wannan da ɗingishi, kwatancin kuwa ya dace. Jakin da ya taka ƙaya yakan ɗingisa ya isa gida. Ba mai hankalin da zai ƙara masa buhu don ya ga yana tafiya.

Kashe mota da sāke tayarwa yana sa ƙwaƙwalwa ta soma lissafi daga farko. In a wannan lokaci wayar da ta saki ta koma ta taɓa, ko abin da ya yi zafi ya huce, sai ta sake wa motar ƙarfinta. A yawancin motoci, in an yi tafiya uku a jere ciwon bai sāke nunawa ba, fitilar takan mutu da kanta. To, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ko fitila ta mutu, ƙwaƙwalwa ta rubuta lambar ciwon ta ajiye, tana riƙe da ita har a yi wajen tashi 40 na inji daga sanyi zuwa zafi. Tare da lambar takan ajiye bayanin halin da motar take ciki sa'ad da abin ya faru, kamar gudunta da zafin injinta. Wannan rubutu dukiya ce. Amma abin da aka saba yi a tasha shi ne a cire kan batir na ɗan lokaci "don a goge cek". A tsofaffin motoci da yawa wannan yana share rubutun duka. Daidai yake da mutum ya yayyage katin asibiti a hanyarsa ta zuwa ganin likita. Kada a yarda a cire kan batir kafin a karanta lambar.

Wace fitila ce, yaya kuma take ci?

Lalle direba ya bambanta su. Jar fitila mai siffar butar mai tana nufin baƙin mai ba ya zagawa yadda ya kamata. Wannan ba ta jiran a kai gari: a tsaya nan take a kashe inji. Haka kuma in allurar zafi ta hau ja. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa in ta tsaya cak tana ci, kuma ba wani baƙon ƙara ko hayaƙi, ana iya lallaɓawa a kai gida a hankali. In kuwa ƙiftawa take yi, inji yana kakkarwa, ma'anarsa wata silinda ba ta ƙona manta. Ɗanyen man yana gangarawa cikin salansa ya ƙone abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, wanda tsadarsa ta fi ta fulogi da kwayil nesa ba kusa ba. A sauke kaya, a rage gudu, ko a tsaya gaba ɗaya.

Littafin direba

Ciwo mai zuwa yana tafiya ba ya yarda ya nuna kansa a gaban bakanike. Saboda haka shaidar direba ita ce rabin aikin. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta sa ƙaramin littafi da biro a cikin motarta, kamar dai yadda muke rubuta ranar shuka da ranar sa taki. Duk sa'ad da fitila ta kama, direba ya rubuta rana da lokaci, irin hanyar, nauyin kaya, yawan man da ke cikin tanki, inda aka sha mai na ƙarshe, da ko an yi ruwa ko an wanke inji. Bayan sau uku ko huɗu za a ga abin yana bin wata hanya.

A ce fitilar ba ta kamawa a kan kwalta, sai an sauka hanyar burji mai gargada ta shiga ƙauye. Wannan yana nuna waya ce ta saki, ko soket, ko kan batir yana rawa. Girgiza ce ke raba su, ita ce kuma ke mayar da su. A nan sai mu tuna da ɓera. Motar da ke ɗaukar hatsi, tana kwana kusa da rumbu ko sito, gidan ɓera ce, shi kuwa yana son ɗumin inji, yana kuma gwaguyar rigar waya. A buɗe bonet da rana a bi wayoyin da ido, a nemi kashinsa da ɓawon gyaɗa a lunguna.

A ce kuma da safe lafiya lau, sai rana ta take a watan Afrilu ko Mayu, bayan tafiyar awa guda, mota ta soma shaƙewa ko ta mutu, in ta huta rabin awa ta tashi. Zafi ke nan. Kwayil da sensan juyawar inji sun shahara da wannan hali: da sanyi suna aiki, da zafi su yanke. In da damina ne, bayan an ratsa ruwa ko an wanke inji da famfo mai ƙarfi, ruwa ne ya shiga soket ko ramin fulogi.

Akwai kuma na mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, direbobi da yawa sun koma shan lita biyar, lita goma, allura kullum tana ƙasa. A motocin injekta famfon mai yana cikin tanki ne, man da ke kewaye da shi ke sanyaya shi. In tanki ya kusa ƙafewa, famfo yana zafi, a hawa ko a kwana kuma yana zuƙar iska. Alamarsa ita ce mota ta rasa ƙarfi da kaya a kan tudu, ta dawo daidai bayan an sha mai. A riƙa barin aƙalla rubu'in tanki. Kuɗin man ɗaya ne, bambancin kawai a yi cikon farko sau ɗaya. In kuwa littafi ya nuna ciwon yana biyo bayan man galan na bakin hanya, ba sai an faɗa ba. Gurɓataccen mai ba tatsuniya ba ne, gama a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci da dama suka lalace.

Da hunturu ƙura ce sarauniya. Matatar iska takan toshe, ƙura mai laushi ta wuce ta lulluɓe sensan iska da ke bayanta, sai ya riƙa ba da labarin ƙarya. A kaɗe matata a hankali, in ta tsufa a canja. Hura ta da iskar mai faci da ƙarfi yakan ɓula takardar. Shi kuwa sensan, siririyar waya ce a cikinsa, ba a taɓa ta da yatsa ko tsumma, akwai maganin fesawa da aka yi dominsa.

Karanta lambar

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ramuka 16. A nan ake soka na'urar karatu. Dokar Amurka ta tilasta wannan tsari ga motocin da aka sayar a can tun daga 1996. A Turai an tilasta shi ga masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Motar da ta girmi waɗannan shekaru, irin su Golf 3 da ta fito daga Turai, ba lalle ƙaramar na'ura ta iya magana da ita ba, sai an nemi mai na'urar da ta san irinta. Akwai ƙananan na'urori da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda ƙungiyoyi biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su saya, a danƙa wa wani saurayi mai karatu.

Lambar takan fara da harafi. P yana nufin inji da giya. P0301 silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai, P0302 ta biyu, P0300 kuwa ba a tsaya a kan guda ba. P0171 iska ta yi wa mai yawa. P0335 saƙon juyawar inji ne ya ɓace. P0562 wutar batir ta yi ƙasa. P2135 'yan saƙo biyu na totur ne suka saɓa wa juna, wannan kuwa yana cikin masu jawo ɗingishi nan take. A motar dizal mai tabo, P0299 yana nufin iskar da ake turawa ba ta kai ba, sau da yawa kuma tiyo ne ya tsage.

A nan ne kuɗi ya fi salwanta, don haka mu lura da kyau. Lambar tana faɗin inda ake kuka ne, ba ta ce ga abin da za a saya ba. In ɗan saƙo bai iso ba, mai yiwuwa shi ne ba shi da lafiya, mai yiwuwa kuma gada ce ta karye a hanya. P0335 na iya zama sensa, na iya zama wayar da ɓera ya ci. P0171 na iya zama tsagaggen tiyon iska, ko toshewar matatar mai, ko famfo mai rauni. Wanda ya ga lamba ya ce nan da nan a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a sayo sensa, ko ya ce ƙwaƙwalwa ce ta ƙone, a tambaye shi abin da ya gwada. Ƙwaƙwalwa tana lalacewa, amma ita ce ta ƙarshe da za a zarga.

A fara da mai araha. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna wajen bolt 12.6 a mita. Inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, a duba caja da bel ɗinta. Wuta mai rauni takan rikita ƙwaƙwalwa ta rubuta lambobi barkatai waɗanda ba su da dangantaka da juna. A kankare farin garin da ke kan batir, a ɗaure shi tam, a duba baƙar wayar da ta tafi jikin mota da jikin inji. Sa'an nan mai gyaran waya ya tayar da inji, ya riƙa motsa wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya, ana kallon ko inji zai yi tuntuɓe. In lamba ta ce silinda ta biyu, kuma kowace silinda da kwayil ɗinta, a musanya na biyu da na uku a yi tafiya. In lambar ta koma P0303, kwayil ne. In ta tsaya a P0302, a duba fulogi da nozul. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo.

Ga kwamiti da ma'aji, shawararmu ita ce kada a fitar da kuɗin kayan gyara sai an ga lambar a rubuce cikin littafin mota, tare da abin da aka gwada. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a karɓo tsohon a ajiye. Bayan gyara ne za a goge lambar, sa'an nan a bi da motar ta irin hanyar da ciwon ya saba tasowa, da irin kayan da ta saba ɗauka. Sai ta yi mako biyu ko uku shiru kafin a rubuta cewa an gama.

Ƙungiyar da ke shirin sayen mota bayan kaka kuma ta riƙe wannan. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Tilas fitilar inji ta kama tare da sauran, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an rufe ta da baƙin tef, sai a sa na'ura a karanta ƙwaƙwalwar kafin a yi ciniki.