Makon Ƙarshen Zangon Karatu: Koyar Da Turanci Cikin Wasa

Kowane malami ya san yadda makaranta takan zama da zarar an gama jarrabawa. Malamai sun duƙufa kan duba takardu da cika katin sakamako, yara kuwa an bar su suna ta hayaniya, waɗansu ma sun daina zuwa. Sau uku ake yin haka a shekara, wato ana asarar kusan mako uku ke nan. Wannan darasi zai nuna yadda za a mori waɗannan kwanaki wajen ƙarfafa Turancin yara, kuma mun ɗauki misalanmu daga Yola da Jimeta, a Jihar Adamawa.

Me ya sa abin ya zama wajibi?

Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, shekara guda bayan an soma shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ta tsara a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na jama'ar da yake zaune cikinsu, daga baya a koma Turanci. A wurin wannan sauyi ne yara da yawa kan yi tuntuɓe. Ga shi kuwa sai ɗalibi ya ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO kafin jami'a ta karɓe shi. Yaron da bai saba buɗe baki ya yi magana a aji ba, in ya tafi hutu ɗan abin da ya koya ma sai ya zube.

A Yola da Jimeta aji ɗaya kan haɗa mai Fulatanci, da mai Hausa, da mai Bacama, da Kilba, da Margi, da Camba. Wannan ba cikas ba ne, arziki ne ga malamin da ya san yadda zai yi amfani da shi. Ga wasanni biyar, ɗaya ga kowace rana.

Litinin: Kasuwar Jimeta

A jera tebura kamar rumfuna. Yara su kawo gwangwanaye, da kwalaye, da duwatsu a madadin albasa da tumatir, a yanka takardu a rubuta musu adadin naira. Rabin aji masu sayarwa, rabi masu saye. Sharaɗi ɗaya ne: gaisuwa, da tayi, da neman ragi, da ba da canji, duk da Turanci. Wanda ya manta ya yi wani harshe, sai ya biya tarar naira goma ta takarda. Bayan minti 15 a musanya. Nan yaro zai koyi ƙirga da yin tambaya ba tare da ya ji ana koya masa ba.

Talata: Gasar kunne da baki

Hausa ba ta bambanta sautin “p” da na “f”, don haka Bahaushe yakan furta “pan” da “fan” iri ɗaya. Fulatanci kuwa yana da su duka biyu, kamar a Pullo da Fulɓe. Shi kuma Fulatanci yana amfani da kalma ɗaya, “o”, ga namiji da mace, don haka ɗan Fulani yakan rikita “he” da “she”, abin da Hausa ta raba sarai da “shi” da “ita”. To, sai malami ya haɗa yaran bibbiyu, kowa ya gyara wa ɗan'uwansa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga nan a raba aji gida biyu, malami ya furta kalma, wanda ya riga rubuta ta daidai a allo ya ci wa ɓangarensa maki.

Laraba: Tatsuniya da kacici-kacici

Kowane rukuni na yara biyar ya zaɓi tatsuniyar da suka ji a gida, ta Gizo da Ƙoƙi ko ta wata ƙabila, su ba da ita da Turanci cikin jimloli goma. Amfaninta shi ne koyon kalmomin aikin da ya wuce, domin tatsuniya duk labarin da ne. In lokaci ya rage, a juya kacici-kacici, kamar na shanu dubu masu maɗauri ɗaya, wato tsintsiya, a ga wanda zai gane.

Alhamis: Rakiyar baƙo

Malami ya zana taswira a allo: fadar Lamiɗo a Yola, da hanyar Jimeta, da kasuwa, da gadar kogin Binuwai, da tafkin Geriyo. Yaro ɗaya ya zama baƙo, wani ya kwatanta masa hanya da Turanci: dama, hagu, gaba, kusa da. Manyan yara su ƙara da tarihi cikin gajerun jimloli: Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Jihar Adamawa a 1991.

Juma'a: Gidan rediyon aji

Tun da ranar gajera ce, a yi labaran ƙarshen zango. Yara uku su zauna gaban aji su karanta abin da ya faru a makarantar: wanda ya ci ƙwallo, ajin da ya fi tsabta, ranar komowa hutu. A rufe da muhawara ta minti 10 kan batun da yara suka sani, misali ko damina ta fi rani daɗi.

Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, a ajiye bulala. Yaron da ke tsoro ba ya magana, wanda ba ya magana kuwa ba ya koyon harshe. Na biyu, kada a katse yaro don gyara. Malami ya rubuta kurakuran, ya bayyana su a ƙarshe ba tare da ambaton suna ba. Na uku, a hana dariyar raini, kuma a tabbata 'yan mata da masu kunya sun sami rabonsu, kada yara uku masu kaifin baki su cinye lokacin. Na huɗu, a duba yanayi: a zafin Maris da Afrilu, wanda kowa ya san irinsa a Yola, a yi wasan da sassafe ko a ƙarƙashin inuwa.

Kira ga iyaye

Makon ƙarshe ba makon zaman gida ba ne, kada ku tsare yaro don talla ko aike. In ya komo, ku tambaye shi abin da suka yi, ku sa ya maimaita muku, ko da ba ku jin Turanci. Koyon wannan harshe ba ya nufin yaro ya yar da nasa. Wanda ya riƙe harshen gida da kyau, na makaranta yakan zo masa da sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.