Darasi na 14: Haihuwa Amana Ce

Karatu: Fitowa 2:1-10, Irmiya 16:1-4, 29:4-7, 2 Korantiyawa 12:14

A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 27 daga makarantar kimiyya ta Kagara. A watan Mayu kuma suka ɗauke yara fiye da ɗari a Tegina. Duka biyu cikin jiharmu ne. Ba abin mamaki ba ne idan mai aure a nan Minna ya tambayi zuciyarsa, ko daidai ne a kawo ɗa cikin duniya irin wannan.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan tambaya ba. Ubangiji ya hana Irmiya aure da haihuwa saboda masifar da za ta auko wa Yahuza. Amma ta bakin Irmiyan nan ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su yi aure, su haifi 'ya'ya. An haifi Musa sa'ad da Fir'auna yake hallaka jarirai maza na Ibraniyawa, mahaifiyarsa kuwa ta ɓoye shi wata uku, ta yi dabara domin ya rayu. Ashe, mugun zamani bai haramta haihuwa ba, rashin ɗa kuma ba la'ana ba ne.

Sai mu lura da abu guda: ba a shawarci jariri kafin a haife shi ba. Saboda haka bashin yana wuyan iyaye, gama Bulus ya koyar cewa su ne za su yi wa 'ya'ya tanadi. Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, amma ta hannun uba da uwa yakan ciyar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba su kai shekara biyar ba. Tun dā ma Hausawa suna gudun kwanika, domin uwa ta huta, na goye ya yi ƙarfi. Miji da mata da suka yi shawara da addu'a a kan tazarar haihuwa ba su kasa ga bangaskiya ba.

Tambayoyi
1. Don me umarnin Ubangiji ga Irmiya ya bambanta da na bayin Babila?
2. Muna son 'ya'ya domin kansu ne, ko domin gona da suna?
3. Yaya ikilisiyarmu take riƙon marasa haihuwa da marayu?

Addu'a: Mu roƙi Ubangiji ya ba mu aminci a kan kowane yaro da ya danƙa mana.