Gatarin Aradu: Yadda Mutanen Farko Suka Zauna A Duniya

Manomi yakan tono wani ɗan dutse mai sulɓi a gonarsa, bakinsa a wase kamar na gatari. Mutanenmu suna ce masa gatarin aradu, wai tsawa ce ta jefo shi. To, ba daga sama ya faɗo ba. Hannun mutum ne ya goga shi, ya ɗaura masa ƙota, ya sare itace da shi tun ba a san ƙarfe ba. Labarin masu wannan gatari muke so mu ba ku.

Mutanen ba su bar rubutu ba, domin sai wajen shekara 5,200 da suka wuce aka fara rubutu, a ƙasar da yau ake kira Iraƙi. Saboda haka masana sukan tona ƙasa su duba ƙashi, da gawayi, da kasko, su auna shekarunsu. Da kayan aikin da suka tarar suka kasa zamanin kashi-kashi.

Tsohon Zamanin Dutse

Wannan ya fi kowane tsawo. A Gona, ƙasar Habasha, an sami duwatsun da aka fasa don yanka, masu shekara miliyan 2.6. Mutanen lokacin ba gona, ba rumbu, ba gari. Ƙungiya-ƙungiya suke yawo, suna farauta, suna tonon saiwa, suna tsinkar 'ya'yan itace da ɗibar zuma. Inda abinci ya ƙare sai a tashi. Kogo da gindin dutse su ne makwanci, fatar dabba ita ce sutura.

Babban abin da suka samu shi ne wuta. A kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu an ga tokar da ta kai shekara miliyan 1. Da wuta nama ya gasu, sanyi ya yi sauƙi, namun dawa suka ja da baya. Kada kuma a ɗauka ba su da fasaha: a 1940 wasu samari a Faransa suka shiga kogon Lasko suka tarar da zanen dawaki da bijimai mai kimanin shekara 17,000.

Sabon Zamanin Dutse

Wajen shekara 11,000 da suka wuce, a Gabas ta Tsakiya, mutane suka fara shuka alkama da sha'ir, suka kuma horar da awaki da tumaki. Wanda ya shuka kuwa dole ya zauna ya jira girbi. Zaman nan shi ya haifi ƙauye. Hatsi ya bukaci ma'aji da dutsen niƙa da tukunya. Da abinci ya yi rara, sai wani ya koma ginin tukwane, wani saƙa, aka fara musayar kaya, aka kuma bukaci mai raba gardama a kan gona da ruwa. A wannan zamani aka yi gatarin aradu.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. A lokacin Sahara kore take shar, da tafkuna da kifi da dorina. A Dabous, arewa da Agadas, har yau ga siffar raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8, wanda aka auna ya kai shekara 8,000. Geron da muke yin fura da shi ma ciyawar daji ce ta Sahel, manoman farko suka yi ta zaɓen iri har ya zama zangarniya. An sami ƙwayarsa mai shekara 4,500 a arewacin Mali.

Zamanin Ƙarfe

A Gabas ta Tsakiya an fara narka jan ƙarfe, daga baya aka haɗa shi da kuza aka sami tagulla, sannan baƙin ƙarfe ya biyo baya. A yawancin Afirka ta Yamma kuwa daga dutse sai ƙarfe. Mutanen Nok suna narka tama tun wajen shekara 2,500 da suka wuce, kuma an tono matoyarsu a Taruga. Su ne masu kawunan yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a kudancin Kaduna. Fartanya da gatarin ƙarfe suka faɗaɗa gona, jama'a ta yawaita, maƙeri ya zama mutumin da gari ba ya zama sai da shi.

Jama'a, in muka duba, murhu da turke da rumbu da maƙera duk gadon mutanen nan ne. Amma kayan da suka bari suna ƙarewa, domin masu tonon ɓoye suna sayar da su ana fita da su ƙasashen waje. Kasko in an raba shi da inda yake kwance, rabin labarinsa ya tafi. Don haka wanda ya ga tsohuwar tukunya, ko kan yumɓu, ko zane a jikin dutse irin na Birnin Kudu, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya bar shi inda yake, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci, su sanar da ma'aikatan gidan tarihi.