Dillalin Aiki Ya Cinye Mini Kaso Mai Tsoka

Tambaya: Ni mai gyaran kwamfuta ne. Wani kamfanin samar da ma'aikata ya haɗa ni da wani ofis a Utako. Na gano ofishin na biyan Naira 300,000 a wata, ni ko 180,000 ke shigowa hannuna. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, la'ada halal ce, ko a kara dillali na karɓa, amma kashi 40 cikin 100 ya wuce la'ada. Kada ka je da faɗa. Bari sai lokacin sabunta kwantiragi, sa'ad da ofishin ya saba da hannunka, canza ka kuma zai zame musu wahala. Ka nemi kamfanin ya rubuta maka yadda 120,000 ɗin ke tafiya: harajin VAT na kashi 7.5, inshora idan akwai, sannan ribarsu. A nan ake ganin inda kuɗin ya maƙale. In an zo cinikin albashinka, kai ka fara yanka farashi, ka ɗan ɗora, kamar mai ciniki a kasuwar Utako.

Ka duba takardarku tukuna; wasu na hana ka yi wa ofishin aiki kai tsaye. Sannan ka tambayi kamfanin lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago. Wanda ba shi da shi, nan take muryarsa ke sauka.