A Kiyaye Gobara a Ɗakunan Majinyata: Jan Hankali ga Mutanen Kamarawa da Kewaye

Jama'ar Kamarawa da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, ku saurara. A daren 25 ga watan Mayu na 2022 wuta ta tashi a ɗakin jarirai na asibitin garin Tibawan a ƙasar Senegal, jarirai 11 suka rasu. Hukuma ta ce haɗuwar wayoyin lantarki ce sanadi, har Shugaba Macky Sall ya sallami ministan lafiya. Kafin nan, a watan Afrilun 2021, tukunyar iskar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, mutum 82 suka halaka. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gobarar asibiti ta fi ta gida muni, domin mutanen ciki ba masu iya gudu ba ne. Akwai mai jego, akwai tsoho, akwai wanda aka ɗaura wa ruwa. Mu kuma a nan kan iyaka, in an kira 'yan kwana-kwana daga birnin Sakkwato, kafin motarsu ta iso sai dai ta tarar da toka. Saboda haka aikin yana wuyanmu tun kafin hayaƙi ya tashi.

Mu fara da wayar lantarki. Kowace waya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. In aka jona firij da fanka da hita da cajin waya goma a soket guda, wayar za ta yi zafi, robarta ta narke, ta kama silin. Fis an sa shi ne don ya ƙone ya ceci gini. Mai gyaran da ya cire shi ya ɗaura zaren tagulla, wai don kada wuta ta riƙa yankewa, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe. Kada a ba kowa aikin wutar asibiti don kawai yana da araha ko don ɗan'uwan wani ne. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NEMSA a 2015 don duba ingancin aikin lantarki, kuma shugaban asibiti yana da damar neman a zo a duba. In an ji warin roba ko aka ga bakin soket ya yi baƙi, a kashe wutar nan take.

Yawancin ƙananan asibitocinmu yanzu da sola da janareto suke aiki. Batir yana fitar da iska mai kamawa lokacin da yake caji, don haka ɗakinsa yana son taga, kuma ba wurin ajiye kwalaye da tsofaffin katifu ba ne. Janareto a waje ake kafa shi, nesa da tagar majinyata, gama hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. Ba a zuba masa mai yana aiki. Jarkar fetur kuma ba ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da marasa lafiya.

Ku masu jinya, naku laifin ba kaɗan ba ne. Da hunturu ya shigo sai a ga kurfoti a bakin gado, ga maganin sauro a gindin labule, ga kyandir kan akwati. Oksijin ba ya ci da kansa, amma inda yake, ɗan tartsatsi ya isa ya cinye zane da katifa cikin ƙiftawar ido. Ko man shafawa ba a kai shi bakin tukunyar oksijin. Mai son dafa kunu ya tafi wurin girki.

Sai maganar ƙofa, wadda ta fi mini nauyi. Kowa ya san halin tsaron da ƙasar Gobir ke ciki, kuma ba mai ganin laifin wanda ya sa ƙarfe a taga ya garƙame ƙofa da dare. Amma ƙofar da ta hana mugu shiga ita ce za ta hana majinyaci fita. A kulle, amma mabuɗi ya kasance a rataye a wurin da kowane ma'aikacin dare ya sani, ba a aljihun wanda ya tafi gida ba. Kowane ɗaki ya sami mafita biyu, kada a tare baranda da gadaje ko babura.

In ƙaddara ta faɗa, a fara kashe babban makunnin wuta, a yi kururuwa, a fitar da marasa tafiya tukuna, ana sunkuyawa ƙasa da hayaƙi. Ba a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta fetur, yashi ake zubawa. Bokitin yashi kuwa ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati.

Hakimai da dagatai, limamai da 'yan kwamitin lafiya na mazaɓa, ku je asibitin garinku cikin wannan mako. Ku nemi a nuna muku babban makunni, da tulun kashe gobara da ranar da aikinsa zai ƙare, da inda mabuɗin dare yake kwana. Abin da babu, ku rubuta ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma.